Kafin Sansanin Auschwitz, Akwai Aji da Allo

Lacca ga malaman tarihi da ɗaliban koyon aikin malanta



An nemi in yi magana a kan yadda za a koyar da tarihin zaluncin da aka yi wa Yahudawa a Turai, da darussan da ke cikinsa game da ƙyamar jinsi da haƙƙin ɗan Adam. Na san akwai waɗanda tun da suka ga kan maganar suka ɗaure fuska, suna cewa a ransu: mu da namu matsalolin suka yi mana katutu, ina ruwanmu da abin da ya faru a Turai sama da shekara 80 da suka wuce? Akwai kuma masu cewa: a wannan lokaci da idon duniya ke kan Gaza, shi ne za a tara mu a yi mana zancen wahalar Yahudawa? Tambayoyin nan biyu suna kan hanya, kuma ba zan sauka daga nan ban taɓa su ba. Amma bari in fara ajiye abin da na zo da shi a gabanku, don kowa ya san inda na dosa.

Yawancin masu ba da wannan tarihi garzayawa suke yi zuwa ƙarshensa: jiragen ƙasa, sansanoni, tarin gawawwaki. Ɗalibi ya ji, tsigar jikinsa ta tashi, ya ce waɗannan mutane ai shaiɗanu ne, ya rufe littafi. Bai ƙaru da komai ba, domin babu wanda ke ganin kansa a cikin shaiɗan. Ra'ayina shi ne malami ya fi daɗewa a kan shekarun da suka gabaci kisan, lokacin da aikin ke hannun malamin makaranta da akawu da ɗan jarida da maƙwabci. A nan ne ɗalibi zai ga mutane irinsa, masu zuwa aiki da safe su koma gida da yamma, suna yanke ƙananan shawarwari waɗanda suka taru suka zama babbar musiba.

Abin da ya faru, a taƙaice

Tsakanin 1933 da 1945, gwamnatin 'yan Nazi ta Jamus ƙarƙashin Adolf Hitler, wanda kakanninmu da suka je yaƙin Bama ke kira Hitila, tare da masu taya ta a ƙasashen da ta mamaye, ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, wato kusan biyu bisa uku na Yahudawan Turai. Kimanin miliyan 1 da rabi daga cikinsu yara ne. Wasu yunwa da cuta suka kashe su a unguwannin da aka killace su, irin ta birnin Warsaw inda aka cusa mutum sama da 400,000 a bayan katanga. Wasu harbe su aka yi a bakin rami, kamar a kwarin Babi Yar kusa da Kiev, inda aka kashe mutum 33,771 cikin kwana biyu a ƙarshen Satumban 1941. Wannan adadi daga rahoton su makasan ya fito. Wasu kuma da iska mai guba aka kashe su a sansanonin da aka gina a ƙasar Folan. A Auschwitz kaɗai mutum kusan miliyan 1.1 suka mutu, mafi yawansu Yahudawa, kafin sojojin Tarayyar Sobiyet su iso wurin ranar 27 ga Janairun 1945.

Wutar ba ta tsaya kan Yahudawa ba. Ta ci ɗaruruwan dubban mutanen ƙabilar Roma, da naƙasassu da masu taɓin hankali, da fursunonin yaƙi na Sobiyet kimanin miliyan 3. Ta taɓa baƙar fata ma. A 1937 an yi wa ɗaruruwan yaran yankin Rhine, waɗanda iyayensu maza sojojin Faransa ne 'yan Afirka, aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya. A 1940 kuma sojojin Jamus sun riƙa ware sojojin Afirka ta Yamma daga cikin fursunonin Faransa suna harbewa, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da Lyon. Rundunar da waɗannan bayin Allah suka fito daga cikinta tana ɗibar mutane ne daga ko'ina a ƙasashen renon Faransa na yankinmu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ruwanmu ne. Sai dai Yahudawa ne aka ƙudura a shafe su baki ɗaya, daga jariri har tsoho, a duk inda hannu ya kai.

Ƙiyayya mai tsohon tushe

Hitila bai ƙirƙiro ƙin Yahudawa ba, tarar da shi ya yi. A 1144 a garin Norwich na Ingila aka fara yaɗa ƙaryar cewa Yahudawa na yanka yaran Kirista don ibada. A 1290 aka kore su daga Ingila. Da annoba ta ci Turai a 1348 da 1349, aka ce su ne suka zuba guba a rijiyoyi, aka ƙone su a garuruwa irin su Strasbourg. A 1492 aka kore su daga Sifen, inda Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Bayazid na Biyu, ya buɗe wa da yawansu ƙofa. A 1903 aka buga wata takarda a Rasha wai ita ce yarjejeniyar asiri ta dattawan Sahyoniya don mallake duniya. A 1921 jaridar Times ta Landan ta nuna ƙarara cewa jabu ce, an kwafo yawancinta ne daga wani littafin ba'a na Faransanci na 1864 wanda ko maganar Yahudawa babu a cikinsa. Duk da haka 'yan Nazi suka shigar da ita makarantu, kuma har gobe gutsattsarinta na yawo a wayoyinmu.

Mu faɗi gaskiya a kan namu ɓangaren ma. Galibi Yahudawa sun fi samun kwanciyar hankali a ƙasashen Musulmi fiye da Turai ta wancan zamani, amma an sami lokutan da aka zalunce su, kamar kisan da aka yi a Garnaɗa a 1066. Akwai ma labarin da ya taɓo mu kusa. Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha a kan mulki, kafin zuwansa ƙasar Hausa shi ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit a yankin Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau, a farkon shekarun 1490, aka kuma kashe mutane. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da shi ba, har aka aika da tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, su ma suka saɓa. Daga baya, da aka kashe ɗan al-Maghili a Tuwat yana Gawo, sai ya nemi Askiya Muhammad ya kama mutanen Tuwat da ke zaune a can. An kama su, amma malamin Tambutu Mahmud bin Umar ya ƙi amincewa, domin waɗanda aka kama ba su aikata komai ba, aka sake su. Ban kawo wannan don rage darajar malamin da muke girmamawa ba. Na kawo shi ne don ɗalibi ya ga cewa jayayya a kan kama wani da laifin wani tsohuwa ce a tarihinmu, kuma an sami malamai da suka tsaya a ɓangaren adalci.

Shekarun da ya kamata malami ya daɗe a kansu

A 1933 Yahudawan Jamus kimanin 500,000 ne, ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba. Jamusanci ne harshensu. Kimanin 100,000 daga cikinsu sun yi wa Jamus yaƙin duniya na farko, 12,000 suka mutu a fagen fama. Ku riƙe wannan, sannan mu ƙaddara wata yarinya 'yar shekara 8 a birnin Frankfurt, mahaifinta malamin makarantar gwamnati, mu bi ta doka bayan doka.

Ranar 30 ga Janairun 1933 Hitila ya zama shugaban gwamnati, ta hanyar da tsarin mulki ya tanada. Ranar 1 ga Afrilu yarinyar ta ga 'yan banga tsaye a ƙofar kantunan Yahudawa suna hana ciniki. Bayan mako guda aka yi dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati, amma aka toge tsofaffin sojoji, don haka mahaifinta ya tsira, ya ce wa iyalinsa abin zai wuce. A ƙarshen watan aka ƙayyade yawan 'ya'yan Yahudawa da makaranta za ta ɗauka. A Satumban 1935 dokokin Nuremberg suka tuɓe musu cikakken matsayin ɗan ƙasa, suka haramta auratayya tsakaninsu da sauran Jamusawa, kuma kafin shekarar ta ƙare mahaifin nata ya rasa aikinsa. Wane ne Bayahude a idon doka? Wanda uku ko huɗu daga cikin kakanninsa suke Yahudawa, ko da shi Kirista ne. Sai mutane suka yi layi a ofisoshin rajista da na coci suna neman takardar shaidar asali, akawuna suna binciken tsofaffin kundaye suna buga hatimi.

A aji kuwa, cikin 'yan shekaru kusan kashi 97 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati sun shiga ƙungiyar malamai ta Nazi. An shigo da darasin bambancin jinsi, ana auna kan yara da hancinsu. A littattafan lissafi ana tambayar yaro ya ƙirga nawa gwamnati ke kashewa a kan naƙasasshe, da gidaje nawa za a gina da kuɗin. A 1938 kamfanin wani ɗan Nazi mai suna Julius Streicher ya buga littafin yara mai hotuna, inda uwa ke koya wa ɗanta a daji cewa kamar yadda ake samun laimar kwaɗi mai dafi a cikin masu kyau, haka Bayahude yake a cikin mutane.

A Oktoban 1938 aka buga harafin J a fasfo ɗin iyalin. A daren 9 ga Nuwamba aka ƙone ɗaruruwan wuraren ibadarsu, aka farfasa dubban kantuna, 'yan kwana-kwana na tsaye suna kare gidajen maƙwabta kawai. Aka kwashe maza kimanin 30,000 zuwa sansanonin gwale-gwale irin su Buchenwald da Dachau, sannan aka ci Yahudawan tarar Mark biliyan 1 saboda ɓarnar da aka yi musu. Ranar 15 ga Nuwamba aka kori yarinyar daga makaranta kwata-kwata. Daga Janairun 1939 dole ta ƙara Sara a sunanta, ƙanenta ya ƙara Isra'ila. Dokoki da ƙa'idoji sama da 400 aka yi a kansu kafin a harba harsashin farko na yaƙin duniya na biyu. Bayan an shiga yaƙi aka ƙwace rediyonsu, a Satumban 1941 aka tilasta musu liƙa tauraro ruwan ɗorawa a ƙirji, a watan da ya biyo baya jiragen ƙasa suka fara kwasar su daga Frankfurt zuwa gabas.

Gara ba ta kayar da ɗaki a dare ɗaya. Cin azara take yi a hankali, mai ɗaki na kwance yana ganin rufi lafiya lau. A kowane mataki, malami ya tsaya ya tambayi aji: wa ya rubuta wannan doka? Wa ya buga ta a keken rubutu? Wa ya goge sunan yarinyar daga rajista? Wa ya samu gurbin aikin mahaifinta, wa ya sayi kayan ɗakinsu a gwanjo? Kuma ƙawarta da suke zama benci ɗaya, me ta yi washegari?

Su wane ne makasan?

Ranar 20 ga Janairun 1942, manyan jami'ai 15 suka zauna a wani gida a bakin tafkin Wannsee a Berlin don tsara yadda ma'aikatu za su haɗa hannu a kisan. Takwas daga cikinsu suna da digirin dakta. A gabansu akwai jadawalin Yahudawa miliyan 11, ƙasa bayan ƙasa. Kimanin awa ɗaya da rabi suka yi suka tashi. Mu da muke yawan cewa jahilci ne tushen kowace fitina, sai mu tsaya a nan mu yi tunani. Jamus ta lokacin tana cikin ƙasashen da suka fi kowa ilimi a duniya. Ilimin da babu tarbiyya da tsoron zalunci a cikinsa ƙara wa mugunta tsari kawai yake yi.

A ƙasa kuma akwai labarin Bataliya ta 101 ta 'yan sandan ko-ta-kwana, wadda masanin tarihi Christopher Browning ya yi nazari a kanta a littafinsa na 1992. Magidanta ne daga Hamburg, kimanin 500, yawancinsu 'yan dako da direbobi da masu tsaron kanti. A Yulin 1942 aka kai su ƙauyen Józefów a Folan. Kwamandansu, Manjo Wilhelm Trapp, ya gaya musu aikin da aka ba su, ya kuma ba da dama ga wanda ba zai iya ba ya fito gefe. Mutum goma sha wani abu ne kawai suka fito. A ranar aka harbe Yahudawa kusan 1,500. Waɗanda suka ƙi, babu wanda aka kashe a cikinsu. Abin da ya riƙe sauran a layi ya haɗa da kunyar abokai, da gudun a ce da mutum rago, da sabon bin umarni, da kuma shekarun da aka kwashe ana cusa musu cewa waɗannan mutane ba kamar su ba ne. Duk matashin da ya taɓa bin ayarin da ke kuwwar a kama wani ya san nauyin irin wannan kunya.

Ƙofofin da aka rufe, da waɗanda aka buɗe

Ɗalibai kan tambaya: me ya sa ba su gudu ba? Da yawa sun yi ƙoƙari. A Yulin 1938 wakilan ƙasashe 32 suka taru a Evian ta Faransa a kan batun 'yan gudun hijirar. Kowa ya nuna alhini, kowa ya kawo uzuri, Jamhuriyar Dominika ce kaɗai ta yi tayin karɓar adadi mai yawa. A Mayun 1939 jirgin ruwan St. Louis ya tashi daga Hamburg da fasinja sama da 900. Kuba ta ƙi yawancinsu, Amurka ta ƙi, Kanada ta ƙi, jirgin ya koma Turai, kuma 254 daga cikinsu suka mutu a kisan da ya biyo baya.

Amma an sami masu buɗe ƙofa, kuma wajibi ne ɗalibi ya san su, don kada ya tashi da tunanin cewa babu abin da mutum ɗaya zai iya. A Oktoban 1943 mutanen Danmak, da masuntansu, suka tsallakar da Yahudawa sama da 7,000 zuwa Suwidin. A Albaniya, inda Musulmi suka fi yawa, mutane sun riƙe al'adarsu ta cika alkawari da kare baƙo, har ya zama Yahudawan da ke ƙasar a ƙarshen yaƙi sun ninka na farkonsa. A Sarajevo, Derviš Korkut, malami Musulmi mai kula da littattafai a gidan tarihi, ya ɓoye wani tsohon littafin ibadar Yahudawa daga hannun 'yan Nazi, ya kuma ɓoye wata budurwa Bayahudiya a gidansa. A tsakiyar Berlin, Dakta Mohamed Helmy, likita ɗan Masar haifaffen Khartoum, ya ɓoye wata yarinya mai suna Anna Boros daga 1942 har ƙarshen yaƙi, tana ɗaura ɗankwali a matsayin 'yar ɗan'uwansa. Gwamnatin Nazi ta sa masa ido, ta taɓa tsare shi, amma bai ba da yarinyar ba.

Haka kuma kada malami ya ɓoye cewa Muftin Ƙudus, Amin al-Husaini, ya gana da Hitila a Nuwamban 1941 ya kuma yi wa Jamus farfaganda, kamar yadda kada ya ɓoye cewa dubban Falasɗinawa sun shiga rundunar Birtaniya suka yaƙi Jamus. Kowace al'umma ta fitar da masu hannu a zalunci da masu tsayawa a kan gaskiya. Wannan shi ne maganin kuɗin goro.

To, Falasɗinu fa?

Wannan tambaya za ta taso a aji, kuma malamin da ya kauce mata ya zubar da amanar ɗalibansa. Ga abin da nake ganin ya dace ya faɗa. Falasɗinawa kimanin 700,000 sun rasa gidajensu a 1948, kuma wahalarsu gaskiya ce mai ci har yau. Tausaya musu da sukar gwamnatin Isra'ila haƙƙin kowa ne, Yahudawa da dama ma suna yi. Amma yaron da aka kashe a sansanin Treblinka a 1942 ya mutu shekara shida kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Da wane laifi za a kama shi? Wanda ya ce abin da aka yi musu ya yi daidai saboda abin da wasu suka yi daga baya, ya ɗauki irin ma'aunin da ake auna Musulmin duniya da shi duk lokacin da wani ya tayar da bam. Mun san zafin wannan ma'auni a jikinmu. Addininmu ya hana kama wani da laifin wani, kuma ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, don girmama ran ɗan Adam.

Akwai kuma abin da ya kamata masu kishin Falasɗinu su sani. Wani lauya Bayahude ɗan Folan, Raphael Lemkin, wanda ya rasa danginsa 49 a wannan kisa, shi ya yi ta faɗi-tashi har Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ranar 9 ga Disamban 1948. Da wannan yarjejeniya Kotun Duniya ta yanke a 2007 cewa kisan Musulmi kimanin 8,000 a Srebrenica kisan ƙare dangi ne. Da ita Gambiya ta kai ƙarar Myanmar a 2019 saboda Musulmin Rohingya. Da ita kuma Afirka ta Kudu ta kai ƙarar Isra'ila a Disamban 2023. Mai musun abin da aka yi wa Yahudawa yana sare tushen dokar da yake neman ta kare waɗanda yake so.

Musun kansa ba shi da ƙafar tsayawa. Hujjojin da aka gabatar a shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946 yawancinsu takardun gwamnatin Jamus ne. Kwamandan Auschwitz, Rudolf Höss, ya ba da shaida da bakinsa. An tattara sunayen waɗanda aka kashe sama da miliyan 4 da rabi ɗaya bayan ɗaya. Jamus kanta ta amsa laifinta, tana kuma koyar da shi ga 'ya'yanta.

A cikin aji

Na farko, a fara da rayuwa kafin mutuwa. Ɗalibi ya san cewa waɗannan mutane suna da sana'o'i da bukukuwa da rigingimun gida kamar kowa. Miliyan 6 ba ta shiga kan yaro, amma mutum ɗaya yana shiga: Anne Frank da littafin da take rubuta sirrinta a maɓoyarsu a Amsterdam, ko Dakta Janusz Korczak da ya ƙi rabuwa da marayunsa kimanin 200 ya bi su jirgin Treblinka a Agustan 1942.

Na biyu, a kiyaye shekarun yara. Afirka ta Kudu, wadda ta sa wannan tarihi a manhajarta tun 2007, a aji na 9 take fara shi. Kada a watsa wa ƙananan yara hotunan gawawwaki, kada kuma a raba aji gida biyu a ce waɗannan 'yan Nazi waɗancan Yahudawa don wasan kwaikwayo. Yara kan ɗauke shi wasa, ko su fita da shi filin makaranta su ci zalin na ƙasa da su.

Na uku, ga aikin da ba ya buƙatar lantarki ko kwamfuta. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 10 ga Disamban 1948 tana da sassa 30, kuma an fassara ta da Hausa. Malami ya raba allo biyu. A dama ya jera dokokin da muka bi da yarinyar Frankfurt, a hagu ɗalibai su nemo sashen da ya amsa kowace: korar ta daga makaranta da sashe na 26 a kan ilimi, hana auratayya da sashe na 16, ƙwace dukiya da na 17, tuɓe matsayin ɗan ƙasa da na 15, jirgin St. Louis da na 14 a kan neman mafaka. Da idonsu za su ga cewa waɗannan haƙƙoƙi daga raunuka aka tsamo su.

Na huɗu, a kwatanta da hankali. Jamus ta yi wa Herero da Nama kisan ƙare dangi a Namibiya daga 1904 zuwa 1908, ta kuma amsa hakan a 2021. A Ruwanda a 1994 an kashe mutum kimanin 800,000 cikin kwana 100, bayan rediyo ya daɗe yana kiran Tutsi kyankyasai, kuma katin shaida mai ɗauke da ƙabila ne ya nuna wa masu shingen hanya wanda za su sara. Kowanne da nasa sanadin, ba gasar wahala ake yi ba. Abin nema shi ne matakan da ke maimaituwa: laƙabi, warewa, takarda, shiru.

Na biyar, a dawo gida, nan ne wurin da ya fi wuya. Babu mai cewa abin da ke faruwa a ƙasashenmu daidai yake da na Jamus. Amma muna da kisan Ibo a garuruwan Arewa a 1966, muna da matafiya da 'yan kasuwarmu da aka kashe a wasu sassa don kawai an ji harshensu, muna da rigimar ɗan ƙasa da baƙo, da ɗora wa Fulani baki ɗaya laifin 'yan bindiga, da saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp suna cewa ƙabila kaza ko addini kaza duk halinsu ɗaya. Muna da yaron da ke zagin ɗan ajinsu da Bayahude don ya hana shi aron biro, alhali bai taɓa ganin Bayahude ba. Malamin da ya ji haka ya wuce, ya riga ya koyar da darasin ranar.

Rufewa

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 27 ga Janairun kowace shekara, tun 2005, don tunawa da waɗanda aka kashe. Makarantar da ta ga dama tana iya amfani da ranar, amma aikin na tsawon zango ne. Tunda an dawo da darasin tarihi makarantunmu na Najeriya bayan shekarun da aka yi an cire shi, dama ta samu. Ina roƙon kowane malami a nan ya ware ko da darasi uku: ɗaya ga rayuwar mutanen da tsohuwar ƙiyayyar, ɗaya ga shekarun 1933 zuwa 1939, ɗaya ga kisan da abin da duniya ta gina bayansa.

Idan kuna son sanin ko darasin ya shiga, kada ku tsaya ga tambayar shekara da adadi. Ku tambayi ɗalibi ya ambaci mutanen da aka fi zagi a unguwarsu, waɗanda shi kansa ba ya so, sannan ya faɗi haƙƙoƙin da suke da su waɗanda ba zai yarda a taɓa ba ko da kowa ya yarda. Haƙƙin da sai wanda muke ƙauna ake ba shi alfarma ce kawai, kuma ana iya janye alfarma ranar da iska ta juya. Ɗalibin da ya iya amsa wannan tambaya, ko gobe ya zama akawu ko ɗan sanda ko alƙali, akwai takardar da za a miƙo masa ya ƙi sa hannu.

 Allah Ya kare mu daga yin zalunci da kuma yin shiru a kansa, Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya.